Yadda ake mayar da murfin bawul bayan an sauke inji, ba tare da ya dawo yana yoyo ba

Murfin bawul shi ne murfin da ke can saman inji, wanda ke rufe kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul, da bawul-bawul ɗin kansu da sauran abubuwan da ke motsi a kan tof silinda, wato kan inji da ke rufe silinda ta sama. Aikinsa ya tsare baƙin mai a ciki, ya hana ƙura shiga, a injuna da yawa kuma ta jikinsa ne tururin cikin inji ke fita. Yana cikin abubuwan ƙarshe da ake ɗaurawa bayan an sauke inji an haɗa, shi ya sa ake yawan yi masa aikin gaggawa. Yoyon da ke biyo baya kusan kullum daga abu uku yake zuwa: fuskar da ba a tsabtace ba, silikon da aka lafta fiye da kima, da ɗaurin da ya wuce awo. Ƙarfin hannu ba ya tsayar da mai a wannan wuri, gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin murfin da tof silinda, shi ne ke tsayar da shi, idan an ba shi fuska mai tsabta aka kuma matse shi daidai gwargwado.

Kafin ka ɗauko murfin

Da zarar ka kifa murfin nan, ba za ka sake ganin cikin tof silinda ba sai ka kwance shi, kuma kowace kwancewa tana iya cin sabon gasket. Don haka ka tsaya ka duba ciki da kyau tukuna.

Ka tabbatar an gama ɗaure notunan tof silinda da na maɗauran kamshaf da awonsu. Ka duba alamomin tamin, wato alamomin da ke nuna kamshaf da karanshaf suna tafiya tare a kan lokaci, sannan ka sa soket a notin fulin karanshaf ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, ta ɓangaren da injin ke juyawa idan yana aiki. Zagaye biyu na karanshaf shi ne zagaye ɗaya na kamshaf, saboda haka alamomin da ke kan giyoyin su dawo inda suka fara. Idan ka ji ya cije a wani wuri, kada ka tilasta shi, mai yiwuwa bawul ne ya haɗu da fistin, sai a koma kan tamin. In ka yi amfani da ƙarfen kulle kamshaf wajen saita tamin, ka cire shi kafin wannan juyi.

Idan injin irin wanda ake saita tazarar bawul ɗinsa ne da hannu, yanzu ne lokacin aunawa da fila geji. Yawancin injuna ana auna su ne da sanyi, tazarar kuma takan faɗa tsakanin milimita 0.15 da 0.35, ta ɓangaren fitar hayaƙi ta fi ta ɓangaren shigar iska faɗi a mafi yawansu. Adadin da littafin injin ya bayar shi za ka bi. Injin da tafet ɗinsa, wato ɗan ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da bawul, ke aiki da matsin mai ba ya buƙatar wannan.

Daga nan sai ka shafa wa tuddan kamshaf da kawunan tafet man haɗa inji, ko ka kwarara musu sabon baƙin mai, ka zuba kaɗan a kan sarkar tamin in da sarka yake aiki. A tashin farko, mai yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya hauro sama, a wannan ɗan lokaci abin da ka shafa ne kaɗai ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Sannan ka haska tocila cikin ramukan da mai ke bi ya koma ƙasa. Tsumman da aka toshe su da shi lokacin aiki, ƙaramin soket, washa, guntun tsohon silikon, duk a nan suke ɓuya. Ka ƙirga kayan aikinka. Tsumma ɗaya da aka manta ya isa ya toshe rariyar famfon mai ya kashe injin da aka gama gyarawa.

Shirya murfin kansa

Murfi iri uku za ka fi haɗuwa da su: na falange da aka buga a inji, na alminiyam ko magniziyam da aka zuba, da na filastik. Kowanne da irin cutarsa.

Na falange yana lotsawa a bakin ramukan noti, musamman in an taɓa ɗaure shi da ƙarfi. Ka kifa shi ka ɗora miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a kan gefensa, za ka ga kowane rami ya tsiro kamar ɗan tudu. Wannan tudu ne ke yanka gasket a wurin noti, ya bar tsakanin noti da noti a sake. Maganinsa a ɗora gefen a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe ko katako mai tauri, a riƙa bugun tudun a hankali da ƙaramar guduma har ya kwanta. Na alminiyam ba ya lotsawa, tsagewa yake yi, yawanci a kusa da ramin noti ko a kusurwa, don haka ka wanke shi tas ka duba a haske. Na filastik kuwa zafi ke gasa shi shekara da shekaru har ya kantare ko ya yi tsaga siririya kamar gashi. Murfin filastik da ya kantare ba shi da gyara, kuma sabon gasket ba zai cike giɓin ba, sai dai a sake murfin.

Abin da aka fi mantawa shi ne farantin da ke manne a cikin murfin ta ƙasa, wanda ke raba ɗigon mai da tururi kafin tururin ya fita. Bayan wannan faranti akwai lungu da ido ba ya gani, kuma a nan dauɗar mai ke taruwa. In abin da ya sa aka sauke injin metal ne ya ci, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, to akwai garin ƙarfe a lungun nan, zai kuma sauko cikin sabon mai. A jiƙa murfin a kananzir ko ruwan wanke kayan inji, a girgiza, a zubar, a maimaita har ruwan ya fito da haske, sannan a busar da iskar kwamfuresa. Kada a yi wa murfi mai irin wannan faranti feshin yashi don ya yi kyau, sai in za a cire farantin a wanke. Yashin da ya maƙale a ciki ba ya fita da wanki, zafin mai ne ke sako shi daga baya, kuma kai tsaye yake tafiya wurin metal.

Ka duba bawul ɗin numfashi, wato PCV. Nau'in da ke da ƙwallo ko ɗan fistin a ciki, idan ka girgiza shi za ka ji yana ƙaras-ƙaras. In ya yi shiru ya toshe. A wasu murafan filastik, faifan roba ne a cikin murfin yake wannan aiki, in ya yage sai inji ya riƙa zuƙar iskar da ba a auna ba, wani lokaci har da fito. Muhimmancin wannan bawul ga aikinmu shi ne, in ya toshe, iskar da ke kuɓucewa ta gefen fistin ba ta da hanyar fita, sai ta taru ta tura mai ta duk inda ya fi rauni. Sabon rin kuma, wato zoben fistin, kafin ya zauna yakan bar iska ta wuce fiye da yadda zai yi daga baya. Sau da yawa ana zargin gasket alhali numfashin ne a toshe. Bayan babban aiki irin wannan, sake bawul ɗin da sabo ya fi.

Idan fulogogin injin ta tsakiyar murfi suke shiga, akwai zoben roba a bakin kowane bututun fulogi. A wasu injuna a haɗe suke da babban gasket, a wasu kuma daban ake buga su a jikin murfin. Kafin ka cire tsoffin, ka lura da ɓangaren da leɓensu ke kallo da zurfin da suka shiga. Ka buga sababbin da soket mai faɗin da ya yi daidai da gefensu na waje, su shiga a miƙe. Wanda ya shiga a karkace ko a juye zai cika ramin fulogi da mai. Haka robobin da ke ƙarƙashin kawunan notuna, a sake su duka. A irin wannan tsari robar ce ke danna murfin ƙasa, in ta bushe ta taurare, ko ka ɗaure notin daidai murfin ba zai matse gasket ba.

Tsabtace fuskoki biyu

A kankare duk ragowar tsohon gasket da silikon daga fuskar tof silinda da kwarin da ke jikin murfi. A kan alminiyam, makankari na filastik za ka yi amfani da shi. Sukundireba da reza suna barin ƙarzuwa, kuma ƙarzuwar da ta ratsa fuskar daga ciki zuwa waje hanyar mai ce. Faifan gurza da ake sa wa injin huda ƙarfe ma a bar shi, yana cin alminiyam ya bar kwari, garinsa kuma yana zuba cikin inji. Lokacin kankara ka tare cikin tof silinda da tsumma mai tsabta marar zare-zare, ka riƙa tura dattin waje.

Bayan kankara, ka fesa ruwan wanke birki a jikin tsumma ka goge fuskokin har tsumman ya daina canza launi. Man da ka kwarara wa kamshaf ɗazu yakan gangaro gefe, don haka wannan gogewa ita ce ta ƙarshe kafin ɗora murfi. Silikon ba ya kama wuri mai maiƙo ko kaɗan.

Ramukan noti ma a hura su. Yawancinsu ramuka ne marasa fita, in mai ya cika ɗaya, notin zai danne man ya ba ka alamar ya ɗauru alhali bai kai ba, in ka ƙara ƙarfi kuma man zai iya tsaga alminiyam ɗin. Ka gwada kowane noti da yatsu a raminsa. Wanda tiredinsa ya cinye, yanzu za a gyara shi da zoben tiredi irin Helicoil, tun murfi bai hau ba, a kuma kiyaye garin ƙarfen kada ya faɗa ciki.

Sa gasket da silikon

Gasket ɗin roba da ke shiga kwari a bushe ake sa shi, ba mai, ba gam. Ka fara daidaita shi da murfin ka gane gabansa da bayansa, domin da yawa ta fuska ɗaya kawai suke shiga. Ka danna kusurwoyi da wuraren lanƙwasa tukuna, sannan tsakiyar kowane gefe, sannan ka cike tsakani. In ka faro daga wuri ɗaya kana bi da yatsa kana ja, robar za ta miƙe, ka zo ƙarshe ka tarar ta yi rara. Kada ka yanke rarar, ka cire ka sake farawa. Idan ka gama, ka kifa murfin ka ɗan girgiza. Gasket mai kyau ba zai faɗo ba.

Gasket ɗin kok, wato na ɓawon itace da aka matse, wanda ake samu a tsofaffin injuna masu murfin falange, ana ɗan manna shi da siririn gam a ɓangaren murfi kawai don kada ya goce. Ɓangaren tof silinda a bar shi haka.

Silikon kuwa wurarensa ƙidayayyu ne. Ana sa shi ne inda fuskar ba ta tafi a shimfiɗe ɗaya ba: inda murfin tamin ya haɗu da tof silinda, akwai siririn layin haɗi a kowane gefe, kusurwoyin da gasket ke hawa kan maɗaurin kamshaf na gaba ya sauko, da gefunan wata roba mai siffar rabin wata da ke toshe bakin tof silinda, a injunan da ke da ita. A kowane wuri ɗigo ɗaya mai kaurin milimita 3 zuwa 4 ya isa, kamar ƙwayar wake ƙarama. Roba ba ta iya shiga kusurwa mai kaifi ta cike ta, wannan giɓi kaɗai silikon ke rufewa.

Shafe gasket gaba ɗaya da silikon kuskure ne babba, ko da yake ana yawan yi da niyyar ƙara tsaro. Ɗanyen silikon yana da santsi, sai gasket ya zame daga kwarinsa lokacin ɗauri. Wanda ya matso ta ciki kuma yana bushewa ya zama zare-zare, ya gutsure, ya bi mai zuwa rariyar famfo ko ƙananan hanyoyin da ke kai mai ga na'urar sauya tamin. Ka kuma zaɓi silikon mai jure mai da zafi wanda aka rubuta ba ya cutar da sensa. Mai warin tsami mai hawa hanci bai dace da nan ba, tururin silikon da bai dace ba yana bin numfashi ya shiga ɗakin ƙuna, ya lalata sensar oksijin da ke jikin salansa.

Akwai injunan da ba su da gasket sam, silikon ne ake zagayawa da shi. A nan za ka ja layi ɗaya marar yankewa, mai kaurin milimita 2 zuwa 3, ya bi ta gefen ramukan noti na ciki, wato ɓangaren da mai yake. Wasu injunan kuma suna da ƙananan zobban roba a kan maɗauran kamshaf, inda mai ke ratsawa ta jikin murfi. In ka ga irinsu a cikin kwalin gasket, ba rara ba ne, ka nemo mazauninsu.

Silikon yana fara yin fata cikin 'yan mintuna. Ka shirya komai a gefenka, notuna a jere, wayoyi an ɗaure su gefe, kafin ka matsa shi, sannan ka ɗora murfin cikin minti 3 zuwa 5. In lokacin ya wuce, ka goge ka sake sabo.

Ɗora murfi da ɗauri

Ka shafa ɗan mai da yatsa a leɓen zobban bututun fulogi don su zame su shiga ba tare da sun naɗe ba. Ka riƙe murfin da hannu biyu, ka sauke shi a miƙe daga sama. In ya sauka ba daidai ba, ka ɗaga ka sake saukewa, kada ka ja shi a kan fuskar, jan yana tuɓe gasket ya kuma share silikon. Ka leƙa cikin kowane ramin fulogi ka ga zoben ya zagaye bututun. Sannan ka bi gefen murfin da madubi da tocila, musamman ta baya wajen da ido ba ya kai wa, ka tabbatar gasket bai leƙo ba, waya ko tiyo ko ƙarfen riƙe waya bai shiga ƙarƙashi ba. Murfin ya zauna da kansa ko'ina. Wanda ke lilo a gefe ɗaya akwai abin da ya tokare shi, kuma noti ba zai gyara wannan ba, fasa murfin zai yi.

Ka sa dukkan notuna da yatsu, kowanne zagaye uku ko huɗu, kafin ka ɗaure ko ɗaya. Ka lura da tsawonsu, domin ba lallai su zama ɗaya ba. Dogo a gajeren rami zai taɓa ƙasa bai matse komai ba, gajere a dogon rami kuma tiredi kaɗan zai kama ya cinye su. Masu kan sitod, waɗanda ake ɗaura ƙarfen riƙe waya a kansu, su koma inda aka ciro su.

Yawancin waɗannan notuna M6 ne, wato masu kaurin milimita 6, masu kan sufana 10, awon ɗaurinsu kuma yakan kasance tsakanin Nm 8 da 12 (Nm shi ne Niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri). Wannan ɗauri ne mai sauƙi ƙwarai, wanda wuyan hannu kaɗai ke bayarwa. Ka yi amfani da ƙaramar sufanar awo mai bakin kwata na inci, domin babbar da ake ɗaure taya da ita ba ta auna ƙaramin adadi daidai. A kula da ma'auni kuma: littattafai da yawa suna rubuta wannan awo da fam-inci. Nm 10 daidai yake da fam-inci 89. Wanda ya karanta shi a matsayin fam-ƙafa 89 ya ninka shi sau 12, ya kai wajen Nm 120, awon notin taya ke nan, notin M6 kuwa tun kafin nan ya karye ko ya tsige tiredin.

In littafin injin ya ba da jerin ɗauri, a bi shi. In babu, a faro daga tsakiya, a riƙa tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan ana fita waje, kusurwoyi su zo ƙarshe. Dalili shi ne murfin ya kwanta daga tsakiya ya tura duk wani kumburi zuwa bakinsa. In ka fara da kusurwoyi, ka kulle kumburin a tsakiya. A yi shi zagaye uku: na farko har kan noti ya taɓa kawai, na biyu rabin awo, na uku cikakken awo. Sannan ka sake bin su sau ɗaya a jere da cikakken awon, domin na tsakiya sukan saki bayan na gefe sun matsu.

Notuna masu kafaɗa, waɗanda ke tafiya da roba a ƙarƙashin kai, suna da iyakar da suke tsayawa. Da kafaɗar ta taɓa tof silinda, gasket ya samu matsin da aka tsara masa, duk abin da ka ƙara tiredi ne ke sha. Gasket ɗin kok ba shi da wannan iyaka, ana ɗaure shi a hankali ana kallon gefensa, da ya fara kumburowa a tsaya. Shi kam yana son a sake bin notunansa bayan injin ya yi zafi ya huce, domin yana ƙara kwanciya.

Mayar da sauran kaya da gwaji

Ka sa fulogogi, ka mayar da kwayil, ka ɗaure wayoyin ƙasa da ke kama jikin murfi ko tof silinda, ka haɗa filogin sensar kamshaf da na solenoyid ɗin tamin in akwai. Tiyon PCV da na shigar iska mai tsabta kowanne ya koma bakinsa, wanda ya bushe ya tsage a sake shi. A injin V6 da ke kwance a gicciye, murfin baya yakan kasance ƙarƙashin manifol ɗin iska, don haka ka gama duba shi sarai kafin ka rufe, ka kuma sa wa manifol ɗin sabon gasket.

Ka ba silikon lokaci kafin ka tada inji. Aƙalla awa 2 zuwa 3, in kuma silikon ne kaɗai ba gasket, a bar shi ya kwana, cikakkiyar bushewarsa takan ɗauki awa 24. Kafin tashin farko ka wanke duk man da ya zuba a jikin inji da manifol ɗin salansa, in ba haka ba ba za ka bambance tsohon mai da sabon yoyo ba.

Ka zuba mai zuwa alamarsa, ka cire fis ɗin famfon fetur ko ka kashe wutar kwayil da na alluran fesa fetur, ka juya injin da sitata na 'yan daƙiƙoƙi, kana hutawa tsakani, har fitilar mai ta mutu. Sannan ka mayar da fis ɗin ko wutar da ka cire, ka tada shi. Ka bar shi ya yi zafi har fanka ta tashi, kana bin gefen murfin da tocila, kana goga farin tsumma a kusurwoyin da ka sa silikon da kuma gefen da ke saman manifol ɗin salansa. Man da ke ɗiga a kan manifol mai zafi yana hayaƙi da ƙauri, yana kuma iya kamawa da wuta, don haka ba a ɗaga wa wannan gefe ƙafa.

In ka ga naso, ka nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe, domin mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma tana tura shi baya. Sau da yawa za ka tarar daga murfin zuba mai yake, ko zoben sensar kamshaf, ko robar bawul ɗin numfashi. In daga gasket ɗin ne, ka gwada notunan da sufanar awo. Idan duk suna kan awonsu, ƙara ɗauri ba zai yi komai ba, sai a buɗe a duba: ko gasket ya fita kwarinsa, ko an tsallake silikon a wata kusurwa, ko murfin ya kantare.

Injin da ke rawa a tsaye bayan wannan aiki, ko ya kunna fitilar inji, na'urar duba mota ta nuna lambar matsala P0171, yawanci iska yake zuƙa ta tiyon numfashi da ba a mayar ba ko ya tsage. In kuma silinda ɗaya ce ke yanke wuta, da lamba irin P0301 zuwa P0304, ka zare kwayil ɗin wannan silinda ka duba ƙafarsa. Mai a jikinta yana nufin zoben bututun ya naɗe lokacin ɗora murfi. Ka sake wannan dubawa, ta ramukan fulogi da ta gefen murfi, bayan motar ta yi tafiyar kilomita 100 zuwa 200, sannan kuma a ranar juyen man farko.